Daga Kwanon Sarki Zuwa Batir: Tarihin Ƙarfin da Ya Ɗaga Kaduna

Ranar da za a zuba dekin wani bene a Mahuta, tun kafin rana ta yi zafi ake jin ƙarar injin kwaɓa kankare. Matasa su yi layi, kowa da kwanon sarki a ka, su hau tsanin katako ɗaya bayan ɗaya, su juye su sauko, ba hutu sai an rufe rodin duka, domin kankare ba ya jiran gobe. A gefe tifa tana sauke yashi da tsakuwa. Can gaba kaɗan, ta wajen hanyar Kachia, ga hasumiyoyin matatar man Kaduna, wadda aka gina don ta shayar da irin wannan tifa da irin wannan inji, amma ta yi shekaru ba ta tace abin a-zo-a-gani ba.

A ƙasashen Turai da Sin, zancen da ya mamaye harkar gine-gine a 'yan shekarun nan shi ne na manyan injuna masu aiki da batir: katafilar haƙa da ba ta hayaƙi, ƙugiyar ɗaga kaya da ake yi wa caji da dare. Najeriya ma ta sa baki, tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron Glasgow na Nuwamban 2021 cewa zuwa 2060 ƙasar za ta daidaita hayaƙin kabon da take fitarwa da wanda take kawarwa. Mai sauraro daga Kaduna yakan ɗauki batun a matsayin baƙon abu da zai iso wata rana daga ƙetare. Tarihi bai goyi bayan wannan ɗauka ba. Arewacin Najeriya ya taɓa ganin manyan injunan haƙa masu aiki da lantarki tun kafin a haifi yawancin iyayen masu karanta wannan, ya kuma rasa su. Yadda aka same su da yadda aka rasa su ya fi duk wani kundin talla na kamfani bayyana abin da zai yiwu a Mahuta.

Ka da kwano

Kaduna 'yar layin dogo ce. Sir Percy Girouard, injiniyan soja ɗan Kanada wanda ya shimfiɗa wa Kitchener dogo a hamadar Sudan, shi aka naɗa ya mulki Arewa a 1907, kuma babban aikin da ya sa a gaba shi ne layin da ya tashi daga Baro a bakin Kwara ya isa Kano a 1911. A inda layin ya ƙetare Kogin Kaduna aka kafa sansanin da ya zama gari, har Lugard ya mayar da hedikwatar Arewa can daga Zungeru a 1917.

An yi alfahari a lokacin cewa an gina layin da araha. Sirrin arahar ba ya cikin gwanintar injiniyoyi kaɗai. Miliyoyin kwanukan ƙasa da aka cike kwaruruwa da su, aka tayar da gadon dogo, a kan mutane aka ɗauke su. Masanin tarihi Michael Mason ya nuna yadda aka riƙa ɗora wa sarakuna da hakimai adadin mutanen da kowa zai kawo, su kuma su raba wa dagatai, dagatai su shiga gida-gida. A takarda ana kiran abin aikin biya, a ƙauye kuwa kowa ya san aikin tilas ne. Nupawa da Gbagyi, waɗanda layin ya ratsa ƙasarsu, su suka fi ɗanɗanawa. A 1909 rikici ya ɓarke a Gusoro da ke ƙasar Gbagyi, aka kashe wani jami'in Bature, Turawa suka mayar da martani da sojoji. Matsin neman lebura na cikin abubuwan da masana suka danganta tashin hankalin da su. Ƙasar Chikun, inda Mahuta take a yau, ƙasar Gbagyi ce.

Injin haƙa mai aiki da tururi ya daɗe da samuwa a duniya a lokacin. A daidai waɗannan shekaru ne ake yanka mashigin Panama da shi. Ba a kawo irinsa da yawa Arewa ba saboda lissafi bai nemi hakan ba. Wanda zai iya samun mutum dubu da wasiƙa ɗaya zuwa fadar sarki, me zai kai shi jigilar ƙarfe daga Ingila? Kalmomin lebura da helma, da shi kansa kwanon sarki, gadon wancan zamani ne da Hausa ta riƙe har yau.

Kwal ya zo ya tura jirgin, bai ɗauke wa lebura kwanonsa ba. An gano shi a Udi a 1909, dogo ya haɗa Inugu da Fatakwal a 1916, layin gabas ya ratso ta Kafanchan ya haɗu da na yamma a Kaduna kafin 1930, aka buɗe gadar Makurɗi a 1932. Mahaɗar ta zauna a kudancin kogi, kuma ita ce ta fara ja wa wannan ɓangare na gari ma'aikata daga kowace kusurwa ta ƙasa.

Abin da ya faru a kan tudun Jos

Labarin da ya fi dacewa da muhawarar yau bai faru a Kaduna ba, sai a filayen kuza da ke gabas da ita. Kamfanonin Turawa sun cika tudun Jos tun kafin yaƙin duniya na farko, kuma da farko su ma da diga da shebur da kwano suka yi aiki. Amma kuzar da ke kusa da sama ba ta daɗe ba. Wadda ta rage tana can ƙarƙashin ƙasa mai kauri, wani wuri ma ƙarƙashin dutse, kuma kwashe wannan murfi da hannu ya zama asara ko da lebura na da araha. Itacen tudun an riga an cinye shi. Kwal kuwa sai ya yi doguwar tafiya a jirgi kafin ya iso, tsadarsa ta ninka.

Abin da tudun yake da shi shi ne ruwa mai gangarowa daga gefensa. A farkon shekarun 1920 wani kamfanin kuza ya kafa ƙaramar tashar lantarki a magangarar Kwall. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, ya gina tasha a Kurra, ya ja wayoyi zuwa ramukan haƙa. Da wannan wuta aka kunna famfunan da ke zuƙo tsakuwa da laka daga rami, daga baya kuma aka kawo ƙattin injunan nan masu dogon hannu da guga mai haƙora, wadda ake jefawa a jawo da igiyar ƙarfe. Wutar ruwa ce, babu hayaƙi. Da a yau aka yi wannan aiki, da an kira taron manema labarai an ce an rage kabon. Su masu kuza ba su san wannan yare ba. Sun duba littafin kuɗi ne kawai suka ga ruwan Kurra ya fi kwal ɗin Inugu sauƙi.

Abubuwa uku suka haɗu wannan tsari ya tsaya da ƙafarsa. Injunan ba sa yawo: rami ɗaya suke ci shekara da shekaru, don haka jan waya zuwa gare su ya biya kansa. Masu injin da masu wutar kusan dangi ɗaya ne na jari, kowa ya san ɗan'uwansa zai biya kuma zai kawo. Sannan akwai kasuwa a Ingila da ke sayen kuzar da kuɗi mai daraja, wanda da shi ake sayo kayan gyara. Har lokacin da aka kafa hukumar ECN a farkon shekarun 1950, da NEPA a 1972, NESCO ya ci gaba da zama da gashin kansa, kuma mutanen Bukuru da kewaye sun daɗe suna yaba wutarsa.

Kada a yi wa labarin kwalliyar da ba tasa ba. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Birtaniya ta rasa babbar mahaƙar kuzarta, kuma yaƙi ya hana kawo sababbin injuna. Sai gwamnatin mulkin mallaka ta koma ga tsohuwar dabara. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa zuwa tudun Jos, abin da mutane suka sa wa suna ɗiban gwamna. Sanyin tudu, ƙarancin abinci da cuta suka kashe da dama. Bill Freund ya rubuta wannan dalla-dalla a littafinsa kan ma'aikatan kuza. Injin lantarki da kwanon sarki sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa a fili guda, kuma da aka shiga matsi, kan talaka aka fara tunawa.

Ƙarshen injunan bai zo ta hanyar lalacewar fasaha ba. Kuza mai sauƙin samu ta ƙare, kamfanoni suka ja jiki bayan dokokin mayar da hannun jari ga 'yan ƙasa na shekarun 1970, farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a Oktoban 1985. Aka bar tafkuna masu zurfi da tarin ƙasa da ƙarafa suna tsatsa a daji.

Zamanin katafila

Kamfanin Caterpillar na Amurka, wanda aka kafa a 1925, ya fara fitar da tarakta mai injin dizal a 1931. Sunansa ya shiga Hausa ya zama katafila, sunan duk wani ƙaton inji mai ture ƙasa ko wane ne ya ƙera shi. Bayan yaƙi, dizal ya ci kasuwar kowa. Hukumar jiragen ƙasa ta fara sauya kawunan jirage daga tsakiyar shekarun 1950, kuma wannan na cikin abin da ya karya Inugu, wadda a ƙarshen shekarun take fitar da kusan tan 900,000 na kwal a shekara.

Kudancin Kaduna na zamani da dizal aka share filinsa. Masaƙar KTL ta buɗe a Kakuri a 1957, UNTL da sauran masaƙu suka biyo, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975. Kamfanonin kwangila sun yi kaka-gida a garin har ɗaya daga cikinsu ya bar sunansa a kan unguwa: Kabala Costain. A 1977 aka ba kamfanin Chiyoda na Japan kwangilar matatar mai, aka buɗe ta a 1980 da ƙarfin tace ganga 100,000 a rana, daga baya aka ɗaga zuwa 110,000. Ɗanyen mai na tahowa ta bututu daga yankin Warri, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Wani sashe na matatar an tsara shi ne don mai mai nauyi da ake sayowa daga waje, domin a fitar da man juye da kwalta. Wato matatar da ke maƙwabtaka da Mahuta an yi ta ne ta samar da man da gireda za ta sha da kwaltar da za a shimfiɗa a bayanta. Ma'aikata da direbobin tanka da masu sana'o'in da ke binsu suna cikin abin da ya buɗe Sabon Tasha, Unguwan Boro da Mahuta ga masu neman fili.

Falalar dizal da ba a cika faɗa ba ita ce ba ya buƙatar gwamnati ta cika alkawari. Duro biyu a bayan a-kori-kura sun isa a yi aiki a dajin da ba turken lantarki ko ɗaya. Injin ya tsufa a Holan ko Jamus, a sayo shi na hannu, makanikin Panteka ya kwance shi ya ɗaure, ya sake shekara goma yana aiki. A ƙasar da wuta ba ta da tabbas, wannan 'yanci ya fi kowace riba. Shi ya sa manyan ayyukan baya-bayan nan, daga layin dogon Abuja zuwa Rigasa da aka buɗe a Yulin 2016 zuwa gadar Kawo da sauran titunan da gwamnatin Nasir El-Rufai ta ba kamfanin CCECC daga 2019, duk da dizal aka yi su, kuma ba wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Abin da ya sauya shi ne farashi. Dizal, ko gas kamar yadda direbobi ke kiransa, ya fita daga tallafi shekaru da dama kafin fetur, don haka duk girgizar kasuwar duniya kai tsaye take sauka a kansa. A farkon 2022 lita ba ta kai naira 300 ba. Kafin shekarar ta ƙare ta haura 800, a 2024 kuma ta wuce 1,300. A Fabrairun 2023 kamfanin NNPC ya sa hannu da Daewoo na Koriya ta Kudu a kan gyaran matatar Kaduna na kimanin dala miliyan 740. Dizal ɗin da tifar Mahuta ke sha dai tankoki ne ke hawowa da shi daga kudu.

Kogin da ke wucewa da wutarsa

Ga wani abin takaici na taswira. Kogin Kaduna, bayan ya ratsa garin ya shiga Jihar Neja, yana juya injunan madatsar Shiroro mai megawat 600, wadda ta fara aiki a 1990, da ta Zungeru mai megawat 700, wadda aka kammala a 2023. Megawat 1,300 ke nan a kan takarda daga kogi guda, duk wutar ruwa, irin wadda Turai ke biyan kuɗi mai yawa don ta samu. Amma ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana rarraba abin da yawanci bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba. Tashar Kudenda mai megawat 215, a nan kudancin Kaduna, an ba da kwangilarta a 2009, aka shafe fiye da shekara goma ana sa ranar buɗewa ana ɗagawa, har aka yi ta jayayya a kan ko a kunna ta da dizal. A Oktoban 2024, bayan lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta biyo baya a ɗaya hanyar, yawancin jihohin Arewa sun yi kwanaki a cikin duhu. Ɗan kwangilar da ya ga wannan da idonsa ba ya buƙatar a yi masa lacca kan haɗarin dogaro da waya.

Oslo, babban birnin Norway, shi ake yawan kafa misali da shi. A 2019 aka gyara wani titi a tsakiyar birnin, Olav Vs gate, kusan gaba ɗaya da injunan lantarki, kuma hukumar birnin ta sa wa kanta 2025 a matsayin shekarar da ayyukanta za su rabu da hayaƙi. Masu ƙera injuna suka bi kasuwar: JCB ya fitar da ƙaramar katafilar haƙa mai batir a 2019, Liebherr ya nuna babbar ƙugiya mai tafiya da batir a ƙarshen 2020, kamfanonin Sin irin su SANY da XCMG suka shigo da nasu. Abin lura shi ne kusan duk wutar Norway daga ruwa take, ga ta da araha da tabbas, kuma mai ba da kwangilar ne ya rubuta sharaɗin ya yarda ya biya ƙarin kuɗin. Wannan ya fi kama da Kurra ta 1929 fiye da Kaduna ta yau.

Lissafin ba shi da wuya. Katafilar Volvo mai suna EC230 Electric, mai nauyin tan 23, ta fito da batir mai ɗaukar yunit 264, irin yunit ɗin da ake saya a mitar gida, kuma yana kai ta awa huɗu zuwa biyar. Wannan ya fi batir hamsin na irin mai yunit biyar da ma'aikata ke sakawa a gidajensu. Idan da hasken rana za a cika shi kullum a yanayin Kaduna, ana buƙatar manyan faranti sama da ɗari. Idan kuma da janareta ne, wanda lita ɗaya ke ba shi yunit uku da ɗoriya, cajin zai ci kusan lita 80, kowace lita kuma tana sakin kimanin kilo 2.7 na kabon. Wannan bai yi nisa da abin da katafilar dizal za ta sha a awannin ba. An mayar da bututun hayaƙin ne daga jikin inji zuwa bayan katanga, bayan an biya kuɗin inji da ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Haka abin yake tuni da dogayen ƙugiyoyin da ake kafawa a gefen manyan benaye a Abuja da Legas. Motocinsu na lantarki ne tun asali. Janaretan da ke gindinsu ne ke mayar da su 'yan dizal.

Saboda haka mai neman inda sauyin zai fara a Kaduna ya daina kallon katafila, ya kalli abin da ba ya motsi, kamar yadda masu kuza suka yi. Injin niƙa dutse a kwari yana wuri ɗaya shekaru. Haka gidan buga bulo, wurin haɗa kankare da kwalta, famfon ruwa, injin walda, da ƙaramin injin jan kaya zuwa saman bene. Waɗannan waya ko sola na iya ɗaukarsu ba tare da ƙaton batir ba, yawancinsu ma da rana suke aiki. Ko da kuɗin wutar rukunin A, wanda aka ɗaga zuwa naira 225 a Afrilun 2024 aka yi ta kuka, yunit ɗin waya ya fi na janareta sauƙi matuƙar wutar ta zo. Dokar lantarki ta Yunin 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, wato doka ba ta hana wani sabon NESCO ya taso don rukunin masana'antu ba. Abin da babu shi ne mai ba da kwangilar da zai rubuta irin sharaɗin Oslo, kuma gwamnatin da ke biyan 'yan kwangila a makare ba ta da bakin neman su sayi inji mai tsada.

Wani abu kuma da masu tallar injuna ba sa son a daɗe a kansa: babban hayaƙin gini ba daga inji yake fitowa ba, daga siminti ne. Ƙona farar ƙasa a tanderu kan saki kabon ko da wane irin makamashi aka yi amfani, kuma siminti kaɗai na da alhakin kusan kashi 8 cikin ɗari na kabon duniya. A matsakaicin lissafi, buhu ɗaya mai kilo 50 ya riga ya saki abin da ya kai na lita goma na dizal kafin ya bar masana'anta. Dekin da ya ci buhu 200 ya fi injin da ya kwaɓa shi laifi sau da yawa. Kwal ɗin da aka kora daga jirgin ƙasa ma ta wannan ƙofa ya dawo, domin masana'antar Ashaka ta daɗe tana ƙona na Maiganga a Jihar Gombe.

Batir ɗin da ke cikin injunan Oslo da na Sin, da litiyam ake yin sa, kuma duwatsun tsakiyar Najeriya, daga Nasarawa zuwa kudanci da yammacin Kaduna har Kwara, suna ɗauke da shi. A Mayun 2024 aka buɗe masana'antar tace shi a Jihar Nasarawa da jarin 'yan Sin. A Disambar shekarar kamfanin dillancin labarai na AP ya wallafa rahoto daga wasu ramukan da ba su da lasisi a jihar, inda ya tarar da ƙananan yara suna tsince dutsen suna cusawa a buhu. Manya na sauka cikin ramin da diga da kurfi, suna fasa dutse da guduma, ana fito da shi da hannu, a jihar da ta yi iyaka da tudun da aka kai mutanen ɗiban gwamna.